Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Fara Gyaran Tsohon Gida

A kusan kowace tsohuwar unguwa, daga Kano da Zariya da Katsina har Damagaram, akwai gidan da aka garƙame da kwaɗo shekara da shekaru. Wani gidan gado ne da magada suka kasa daidaitawa a kansa. Wani masu shi sun koma sabuwar unguwa sun bar shi. Wani kuwa 'yan haya ne suka zauna har ya gaji, sannan suka tashi. Ranar da aka tashi gyara, don a sa amarya ko a zuba 'yan haya ko a sayar, abin da aka fi yi shi ne a kira mai fenti da mai tayil da mai POP, a ce kowa ya faɗi kuɗin aikinsa. Kowannensu kuwa abin da ya shafi hannunsa kaɗai zai gani, kuma babu wanda za a tambaya dalilin lalacewar.

Tabon da ke jikin silin, da fentin da ya yi ɓawo, da tsagar da ta ratsa bango, duk alamu ne na wani abu da ke faruwa a inda ido bai kai ba. Duba tsohon gida shi ne bin kowace alama har a kai ga sanadinta, sannan a jera gyare-gyaren bisa haɗarinsu. A mafi yawan gidaje, idan aka bi sawun, ruwa ake tararwa: wanda ya sauko ta rufi, ko wanda ya taso daga ƙasa, ko wanda ya tsiyaya daga bututu da banɗaki. Wanda ya yi ado bai tsayar da ruwan nan ba, damina ɗaya ta ishe shi ya sake biyan kuɗin aiki.

Ranar shiga ta farko

Gidan da ya daɗe a rufe ba a shigarsa da gaggawa, ba a kuma shigarsa mutum ɗaya. Ku je da rana, ku biyu ko uku, da takalmi mai rufin ƙafa da takunkumi. Ku riƙe tocila mai ƙarfi, da doguwar sanda, da sukundireba, da ƙaramar guduma, da tef na awo, da alli, da littafi, da waya don ɗaukar hoto. Kafin komai a kashe wutar gidan daga babban makunni, ko da kuwa an ce an daɗe da yanke ta.

Ku buɗe ƙofofi da tagogi, ku dakata iska ta ratsa. Kafin ku sa ƙafa a kowane ɗaki ku tsaya a bakin ƙofa ku haska sama. Idan rufin ya yi ciki, ko ƙasa da ɓaraguzan kankare sun zubo a tsakar ɗakin, a bar wannan ɗaki sai an tokare shi. Tarkacen da ke ƙasa a motsa shi da sanda, domin maciji da kunama da rina sun fi son irin wannan wuri. Kashin jemage da na tantabara da ya taru a yayyafa masa ruwa kafin a share, saboda ƙurarsa na iya ɗauke da ƙwayoyin da ke kama huhu. A tsakar gida kuma a taka da lura: tsohuwar rijiya da tsohon masai sukan ɓuya a ƙarƙashin ciyawa ko ruɓaɓɓen kwano.

Hanci ma yana aiki. Warin rima da fumfuna a ɗakin da aka buɗe yanzu shaida ce cewa danshi yana zaune a ciki, ko da bangon ya yi kama da busasshe.

Lokacin duba da irin ginin

Gida yakan ɓoye aibinsa da rani. Idan da hali, ku duba shi sau biyu: sau ɗaya da rani, sau ɗaya a tsakiyar damina, musamman a watan Agusta lokacin malka, ana cikin ruwa ko da ɗaukewarsa. A lokacin ne za ku ga inda yake yoyo, da inda ruwa ke kwanciya, da ko na titi yana kwararowa ciki. Idan dole da rani za a duba, ku tambayi maƙwabta da tsofaffin da suka san gidan: wane ɗaki ne ke zuba, yaushe aka yi masa yaɓe na ƙarshe, an taɓa ɗora masa bene ko an taɓa fasa wani bango?

Sai kuma ku tabbatar da irin ginin da ke gabanku. Akwai ginin ƙasa na tubali mai rufin soro, akwai na bulo da siminti mai rufin kwano ko dakin, akwai kuma haɗin gambiza, wato bangon ƙasa da aka yi wa fulastar siminti aka ɗora masa kwano. Wannan na ukun ya fi yawa a cikin tsofaffin birane, kuma shi ya fi yaudarar mai saye. Kaurin bango a bakin ƙofa yakan tona asiri: bulo inci 6 ne ko 9, bangon ƙasa kuwa ya fi haka kauri nesa, kuma gindinsa ya fi samansa faɗi. Idan kuna shakka, ku ɓantare fulasta kaɗan a wani lungu ku gani.

Rufi, daga cikin ɗaki

Daga sama ake fara dubawa, domin daga nan mafi yawan ɓarna take saukowa.

Idan rufin kwano ne mai silin, ku nemi tabo mai launin ruwan shayi, da inda silin ya kumbura ko ya lotsa. Amma kada ku ɗauka ramin yana daidai saman tabon. Ruwa yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. A sa tsani a leƙa cikin silin da rana, a kashe tocila: duk inda haske ya shigo, ruwa ma ta nan yake shiga. Sannan a kunna tocilar a dubi katakon, a soka masa sukundireba musamman a inda ya hau kan bango da wuraren haɗi. Idan ta nutse ba da wahala ba, katakon ya mutu. A duba kuma ko an ɗaure rufin da bango da ƙarfe ko waya, domin iskar farkon damina rufin da ba a ɗaure ba take yayewa.

Idan dakin ne na kankare, abin tsoro shi ne tsatsar rodi. Ruwa na ratsa kankare ya kai ga ƙarfen, ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsar kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta tura kankaren ya fashe daga ciki. Alamunta su ne jan tabo, da tsaga miƙaƙƙiya mai bin layin rodi, da ɓallewar kankare har ƙarfe ya bayyana. Ku ƙwanƙwasa da guduma a hankali: wuri mai lafiya ƙara mai tauri yake bayarwa, wanda ya saki kuwa sai ku ji holoƙo. Shafe irin wannan wuri da siminti ba ya tsayar da tsatsa. Dakin da rodinsa ya fito a wurare da yawa, ko ya lotsa a tsakiya, aikin injiniya ne.

Rufin soro shi ya fi buƙatar ido mai sani. Maginan gargajiya suna shimfiɗa azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, su ɗora asabari ko zana, sannan su zuba ƙasa su shafe da abin da ke hana ruwa shiga, kamar laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Azara ba ta ɗaukar tazara mai yawa, abin da bai wuce ƙafa 6 ba idan babu abin da ya tallafe ta, shi ya sa manyan soraye suke da bakan gizo da ɗaurin guga ko ginshiƙi a tsakiya. Gara ba ta cika cin azara ba, amma danshi na ruɓar da bakinta da ke binne cikin bango, kuma a nan ya kamata a soka a gani. Ku lura da azarar da ta lanƙwasa ko ta tsage, da asabarin da ya yi baƙi, da ƙasar da ke zubowa ta tsakaninsu.

Akwai wani abu da ba a cika lissafawa ba, wato nauyi. Duk shekarar da aka ƙara ƙasa a kan soro ba a kankare tsohuwa ba, kaya ake ƙara wa azara. A ɗaki mai mita 3 da mita 4, ƙasa mai kaurin santimita 10 kacal ta kai kusan tan 2, wato nauyin buhun siminti 40, kuma idan ta sha ruwa ta fi haka. Saboda haka a hau a duba indararo: idan ya toshe da ganye ko ya karye, ruwa yana kwana a kan soron, kuma a daren ruwa mai yawa irin wannan rufin yake afkawa.

Danshi a jikin bango

Danshi iri uku ne, kuma inda ya bayyana shi ke nuna asalinsa. Wanda ya faro daga saman bango ya gangaro, daga rufi ne ko indararo. Wanda ya tsaya wuri guda a tsakiyar bango, a duba bayan bangon: galibi akwai bututu, ko banɗaki, ko wurin wanke-wanke, naku ko na maƙwabci. Na uku shi ne mai tasowa daga ƙasa. Shi ne za ku ga ya zagaye gindin bango, da wuya ya wuce tsayin mita guda, fenti na kumbura, fulasta na zama gari, ga wani farin gishiri-gishiri a saman layin. Bango ne ke tsotso ruwan ƙasa tare da gishirin da ke cikinsa. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna yana cin ginin.

A cikin tsofaffin birane wannan matsala tana da dalili sananne. Duk sa'ad da aka cike lungu da burji ko aka daɓe shi, titi yana ƙara tudu, gida kuwa yana nan inda yake, har a wayi gari sai an gangara ake shiga zaure. Ku gwada tsayin daɓen ɗaki da na tsakar gida da na titi. Idan ɗakin ne a ƙasa, ko kwatar gidan ba ta da inda za ta zubar, to babu fentin da zai zauna a wannan bango sai an gyara hanyar ruwa.

Ga masu bangon ƙasa akwai gargaɗi na musamman. Ƙasa tana shan danshi tana fitar da shi, kuma yaɓen gargajiya na ƙasa da makuba yana barin ta ta yi hakan. Fulastar siminti ba ta kama ƙasa da kyau, kuma idan ruwa ya sami hanya ya shiga bayanta ba ya samun mafita. Sai a ga fuskar bango sumul, alhali cikinsa ya zama taɓo. Ku bi bangon da ƙwanƙwasa, ku zagaye duk inda ya yi holoƙo da alli, ku buɗe wuri ɗaya ko biyu a gindi ku taɓa ƙasar da hannu. Lafta tayil a gindin bango don a ɓoye danshi gyaran gangar Auzinawa ne: ruwan sai ya haura saman tayil ɗin ya fito. Gindin bangon ƙasa shi ke ɗauke da komai, don haka zaizayarsa, ko ramukan ɓera da gafiya a cikinsa, sun fi kowace tsaga ta sama haɗari.

Fumfuna baƙa a kusurwa ko bayan kabad tana tafiya da danshi da rashin iska. Tana tayar da asma da tari, musamman ga yara da tsofaffi. Wanke ta ba ya hana ta dawowa sai an busar da wurin, an kuma buɗe masa hanyar iska.

Yadda ake karanta tsaga

Ba kowace tsaga ce abin tashin hankali ba. Ƙananan tsage-tsage masu kama da saƙar gizo a fuskar fulasta daga bushewar siminti ne, kuma a fulastar suka tsaya. Wadda ake tsoro ita ce mai ratsa bango har a gan ta ciki da waje, da mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, da mai bin layin bulo hawa-hawa, da wadda samanta ya fi ƙasanta faɗi, da wadda ta raba bango biyu a kusurwa. Irin waɗannan suna nuna harsashin ginin ya motsa.

Faɗin tsaga ma'auni ne mai amfani. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya ta kasa tsagar bango aji-aji, kuma injiniyoyi a ƙasashe da dama suna aiki da wannan kaso: wadda ba ta kai milimita 5 ba galibi cikewa kawai take so; daga 5 zuwa 15 sai birkila ya buɗe ya gyara; daga 15 zuwa 25 ɓarna ce babba da kan sa a sake wani sashe na bangon; abin da ya haura 25 kuwa ginin na iya zama haɗari ga mazauna. A sauƙaƙe, tsagar da fensir ya shige ta a kira masani, wadda yatsa ya shige ta kuwa kada a kwana a ɗakin.

Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne ko tsagar tana ci gaba. Ku ja layi a ƙarshenta, ku auna faɗinta, ku rubuta kwanan wata a jikin bango, ku dawo bayan 'yan makonni. Ko kuma a ɗana ɗan siminti a kanta. Idan ya fashe, ginin yana motsi har yanzu. Sannan a nemi dalili: sokawe da ke yoyo kusa da harsashi, ko saiwar darbejiya da cediya, ko ramin da maƙwabci ya haƙa a gindin katanga, ko benen da aka ɗora wa ginin da ba a shirya shi don haka ba. A wasu yankunan Borno da Adamawa da Gombe akwai baƙar ƙasar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, kuma tsagar gidajen da ke kanta takan buɗe ta rufe bisa lokacin shekara. A gwada miƙewar bango da zare da aka ɗaura wa dutse. Bangon da ya yi ciki ko ya karkata a tokare shi tun kafin a fara shawara.

Tsaga sabuwa a tsohon gini ba ta jira. A ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda magini Babban Gwani ya gina tun wajen shekarun 1830, ya rufta ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Mai martaba Sarkin Zazzau ya bayyana a lokacin cewa an lura da tsaga a ginin kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. A Satumban 2024 kuma tsohon masallacin Damagaram ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Idan hakan ta sami gine-ginen da jama'a ke shiga kullum, gidan da ba mai leƙa shi ya fi cancantar a yi masa tsoro.

Gara, ƙofofi da daɓe

Gara tana cin katako daga ciki ta bar fuskarsa da fentinsa. Ku nemi siririyar hanyarta ta ƙasa a jikin bango, da fukafukan shinge a bakin taga, ku ƙwanƙwasa firam ɗin ƙofa da na taga, musamman gindinsu. Sauya katako ba tare da an kashe gidanta an yi wa ƙasa magani ba, ciyar da ita ne kawai. Ƙofar da ta cije ba ta rufuwa tana iya zama kumburin damina, tana kuma iya zama alamar bango ya zauna. A dubi linta da ke samanta.

A daɓe kuma, ku zuba ruwa kaɗan ku ga inda ya nufa, ku ƙwanƙwasa ku ji inda ya yi rami a ƙarƙashi. Wurin da ya lotsa yana iya zama bakin tsohuwar rijiya ko masai da aka cike. Kafin a sa tayil ko leda, a manna farar leda mai faɗin kamu biyu a kan daɓen, a liƙe gefunanta da salatif, a bar ta ta kwana ta wuni. Idan aka tarar da raɓa a ƙarƙashinta, danshi na tasowa, kuma sai an yi maganinsa.

Wuta da ruwa

Wayoyin tsohon gida an ja su ne don ƙwan fitila da fanka da rediyo. Yau za a ɗora musu firji da na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga da hita, ga janareta da sola. Ku duba soket da makunni ko akwai baƙin ƙuna, da wayar da robarta ta bushe tana karyewa, da wadda ɓera ya gaigaya, da haɗin da aka naɗe da leda a cikin silin, da fiyus da aka ɗaure da kowace irin waya. A gidan da ya daɗe ba kowa, sau da yawa ɓarayi sun riga sun zare wayoyin. A ƙa'ida waya mai milimita 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket, manyan na'urori kuma suna son wadda ta fi haka da layinsu daban. A tabbatar akwai wayar da ake binnewa a ƙasa don kare mutum daga jan wuta. Gwajin wannan duka aikin mai wayarin ne da ya ƙware. A Najeriya hukumar NEMSA ce ke ba irinsu shaidar aiki. Kada a mayar da wuta sai ya gwada.

Tsofaffin bututun ƙarfe suna tsatsa daga ciki har hanyar ta tsuke, alamarsu jan ruwa da raunin zuba. A cika tanki, a rufe duk famfuna, a sa alama, a duba da safe. Idan ruwan ya ragu akwai yoyo a ɓoye. A zuba bokiti a kowace kwata da masai a ga yadda yake wucewa. Murfin sokawe da na masai a dube shi daga gefe, domin iskar da ke ciki tana cin kankare da rodinsa ta ƙasa. Kada kowa ya shiga tsohuwar rijiya ko ramin masai don dubawa. Iskar ciki tana sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa mai shiga ceto shi ma a can yake zama. Masana lafiya sun fi ba da shawarar tazarar kusan mita 30 tsakanin rijiya da masai, abin da gidajen cikin birni ba su cika samu ba, don haka kada a sha ruwan tsohuwar rijiya sai an yashe ta an kuma gwada shi.

Guba biyu da ba a gani

Gidaje da yawa da aka gina a shekarun 1960 zuwa 1990, musamman na ma'aikata, silin ɗinsu ko rufinsu na asbestos ne. Muddin yana zaune lafiya haɗarinsa kaɗan ne. Fasa shi, ko yanka shi, ko goge shi ne ke sakin ƙura mai siraran zaruruwa da ke maƙalewa a huhu, ta haifar da ciwon daji da sauran cututtuka bayan shekara 20 zuwa 40. Idan za a cire, a jiƙa shi, a kwance shi falle-falle ba tare da karyawa ba, a naɗe a leda, a kuma nisantar da yara.

Ta biyu ita ce dalma, wadda ake samu a wasu fentin mai na ƙofofi da tagogi da ƙarafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yara ƙanana ta fi taɓawa. Wanda ya tuna yaran Zamfara ɗaruruwa da gubar dalma ta hallaka a 2010, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito, ya san ba abin wasa ba ce. Kada a goge tsohon fentin mai a bushe, kada a ƙona shi, kuma mai ciki da yara su bar gidan har a gama a wanke.

Jera aiki da lissafin kuɗi

Bayan an zagaye, a zana taswirar gidan ko da ta hannu ce, a ba kowane ɗaki lamba, a rubuta abin da aka gani da inda yake da girmansa, tare da hoto. Sannan a kasa komai gida uku. Na farko abin da zai iya kisa: rufi mai shirin afkawa, bango mai motsi, wayar wuta, murfin rami. Na biyu abin da ke ƙara lalacewa kullum: yoyo, danshi, gara. Na uku abin da muni kawai gare shi: fenti, tayil, silin na ado.

Aikin ma haka zai bi. A tokare abin da ke son tokara, a gyara rufi da hanyoyin ruwa, a gyara harsashi da bango, a yi maganin gara, a bar gidan ya bushe. Daga nan sai wayoyi da bututu, tunda su ake fasa bango dominsu, sannan fulasta, da silin, da daɓe, da ƙofofi. Fenti ne ƙarshe, kuma sabuwar fulastar siminti tana son kusan mako 4 kafin a shafa mata. Wanda ya sauya wannan jeri zai fasa abin da ya riga ya biya.

Wajen kuɗi, a nemi kowane mai aiki ya rubuta kaya daban, ladan hannu daban: bandir nawa na kwano, buhu nawa na siminti, katako nawa. A ji ta bakin mutum biyu ko uku a kan aiki iri ɗaya. A ware aƙalla kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a gefe, domin tsohon gida sai an buɗe shi yake nuna sauran aibinsa. Kada a fasa wani bango don faɗaɗa falo sai injiniya mai rajista da hukumar COREN ya tabbatar ba shi ke ɗauke da rufi ba, kuma babban sauyi yana buƙatar izinin hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Idan gidan gado ne, magada su amince a rubuce kan wanda zai kashe kuɗin da yadda za a lissafa masa. Idan kuma katangar ta haɗa ku da maƙwabci, a sanar da shi da mai unguwa kafin a taɓa ta.

A gyara ko a rushe?

Tsufa kaɗai ba ya yanke wa gida hukunci. Idan harsashi da bango suna da lafiya, sauran duka ana iya sauya su, kuma hakan yakan fi sabon gini sauƙi. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe sanyi da bazara fiye da bulo da kwano, don haka kafin a sa masa diga a kira maginin da ya san aikin ƙasa ya gani, domin birkilan da bai saba da ita ba rushewa zai fara ambata. Amma idan gindin bango ya ruɓe a ɗakuna da yawa, ko gidan ya nutse ƙasa da titi har ba hanyar fitar da ruwa, ko kuɗin ceto ya doshi na sabon gini, to a sauke shi da tsari tun bai faɗo a kan wani ba.

Idan kuwa kuɗin da ke hannu aiki ɗaya kawai za su iya, a zuba su a rufi da magudanar ruwa kafin damina ta gaba. Gidan da ruwa ba ya shigarsa zai iya jiran shekaru kafin a yi masa fenti, kuma jerin gyare-gyaren da kuka rubuta a bana zai ci gaba da zama daidai har lokacin da hali ya samu.